Na'ura Ta Ƙwace Aikin Masu Binciken Kiristal?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a digirin farko na kemistiri. Zuciyata ta fi karkata ga ɓangaren inoganik, kuma burina in zama mai bincike a jami'a. Wani malaminmu ya ce lallai in haɗa da ilimin kiristal, wato gano yadda ƙwayoyin atam suka jeru a cikin abu ta hanyar haska shi da eksire. Wasu kuma sun ce kada in ɓata lokacina, wai yanzu na'ura da kwamfuta ke yin komai, maɓalli kawai ake dannawa. Mene ne ainihin aikin, kuma yaya rayuwar mai yinsa take?

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Masu maganar danna maɓalli ba ƙarya suka yi ba. Aikin da a shekarun 1960 yake cinye wa ɗalibin digirin digirgir shekara guda cur, yau na'ura takan kwashe bayanansa cikin 'yan sa'o'i, kwamfuta kuma ta zana miki siffar farko kafin ki gyara zama. Sai dai akwai abin da ba su gaya miki ba. Zanen da ke bayyana a allo shawara ce kwamfuta ta kawo, kamar tana cewa ga yadda take jin ƙwayoyin atam ɗin nan suka zauna. Mai cewa shawarar ta karɓu ko ta ci karo da hankali, mutum ne da ya san kemistiri. Na daɗe a wannan aiki, kuma yawancin zaman da nake yi a gaban kwamfuta a gardama da ita yake ƙarewa. Don haka ni bayan malaminku nake.

Ki fara lura da abin da ya raba inoganik da 'yar'uwarta oganik. Mai aikin oganik da kabon yake hulɗa, shi kuwa kabon ɗan ladabi ne, hannu huɗu gare shi kuma bai cika wuce gona da iri ba. In kin san abin da kika haɗa, kika duba sakamakon na'urar NMR, mai amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin molekul, sau da yawa kin gama sanin siffar abinki. Mu 'yan inoganik kuwa sauran jadawalin sinadarai kusan gaba ɗaya aka bar mana, kuma yawancinsa ƙarafa ne. Ƙarfe guda yau ya riƙe maƙwabta huɗu, gobe shida, wani ma takwas ko goma sha biyu. Wasunsu suna da ɗabi'ar maganaɗisu da ke dagula sakamakon NMR har ya ƙi karantuwa. Ki haɗa abu biyu da nufin samun na uku, sai ƙarfen ya yi gaban kansa ya miƙo miki na huɗu da ko a mafarki ba ki taɓa gani ba. A irin wannan fage, gani ya kori ji.

Kafin a sami idon gani, da wayo aka yi aiki. A 1893 wani matashi ɗan shekara 26 a birnin Zurik, Alfred Werner, ya tsaya a kan wasu gishirin kobal da suka gagari manyan zamaninsa. Kowannensu kobal ɗaya ne da kilorin uku, amma wannan yana da amoniya shida, wannan biyar, wancan huɗu. In aka zuba musu ruwan azurfa naitiret, na farko yakan saki kilorin ukun duka, na biyu biyu kawai, na uku ɗaya. Werner ya ce kujeru shida ne a kewaye da kobal. Duk amoniyar da ta tashi, kilorin ne ke maye gurbinta, kuma kilorin da ya sami kujera azurfa ba ta iya ɗauke shi. To yaya aka jera kujerun? Sai ya ƙirga. In a shimfiɗe suke kamar zobe, mai amoniya huɗu ya kamata ya zo da kama uku. In kuwa huɗu ne a kewaye, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kama biyu zai yi. Biyu aka samu, kore da shunayya. Ya karɓi lambar Nobel a 1913 bai taɓa ganin abin da ya faɗa ba, ya rasu a 1919, sai a farkon shekarun 1920 hasken eksire ya nuna kujerun nan shida zaune yadda ya ce.

Eksire ɗin nan shi ne dai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Röntgen ya gano shi a 1895. A 1912 a Munik, Max von Laue da abokan aikinsa biyu suka haska shi a kan kiristal na kofa salfet, shuɗin nan da kowane ɗalibin kemistiri ya sani, sai ga ɗige-ɗige sun fito a farantin hoto. Dalili biyu ne suka haɗu. Tsawon igiyar eksire ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin atam, wato wajen angistirom ɗaya ko biyu, shi kuwa angistirom mita ɗaya ce aka raba gida biliyan goma aka ɗauki kashi ɗaya. Sannan kiristal tubali ɗaya ne da aka maimaita gaba da gefe da sama sau miliyoyi. Hasken da molekul guda zai warwatsa bai taka kara ya karya ba, amma in miliyoyi suka yi sahu suka warwatsa shi tare, sai ya taru a wasu kusurwoyi ya zama ɗigon da za a iya aunawa. A 1913 Bragg uba da Bragg ɗa a Ingila suka juya ɗige-ɗigen suka fitar da siffar gishiri: kowane sodiyam yana tsakiyar kilorin shida, kowane kilorin yana tsakiyar sodiyam shida, babu wani molekul na sodiyam ɗaya da kilorin ɗaya da ke zaman kansa. Wasu dattawan kemistiri sun yi shekaru suna jin haushin wannan magana. Uba da ɗa suka raba Nobel ta 1915, ɗan yana da shekara 25.

Ga inda gizo ke saƙa. Don a mayar da dubban ɗigon nan su zama hoto, ana bukatar abu biyu daga kowace igiya: ƙarfinta, da kuma yadda takunta ya zo in aka gwada da na sauran, ko ta riga su ko ta makara. Na'ura ƙarfin kawai take iya aunawa. Rabin labarin ya zube a hanya, kuma rabin da ya zube shi ya fi ɗauke da siffar. A 1934 Patterson ya kawo dabarar da ke nuna tazarar da ke tsakanin atam da atam ba tare da wannan rabin ba, kuma ta fi ci in akwai atam mai nauyi guda a ciki, abin da mu 'yan inoganik muke samu a ɓagas. Hauptman da Karle suka zo da hanyar lissafi a shekarun 1950, aka daɗe ana yi mata kallon hadarin kaji, sai a 1985 aka ba su Nobel. Manhajar SHELX ta George Sheldrick, wadda ta fito a 1976 kuma har yau da 'ya'yanta muke aiki, ita ta sa lissafin ya sauko hannun ɗan kemistiri na yau da kullum. Maɓallin da ake ce miki ana dannawa, gumin mutanen nan ne kwance a ƙarƙashinsa.

A 1951 Kealy da Pauson a Amurka suna neman haɗa wani abu daban, sai suka tashi da wata hoda mai ruwan goro, atam ɗaya na baƙin ƙarfe da zobe biyu masu kabon biyar-biyar, wadda ba ta damu da iska ko ruwa ko zafi ba. Suka zana ta yadda kowa zai zana a lokacin, ƙarfen ya kama kabon ɗaya a kowane zobe. Wilkinson da Woodward a Amurka, da Fischer a Jamus, suka ce ƙarfen a tsakiya yake, zobe ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa, yana riƙe da kabon goman daidai wa daida. Babu littafin da ya tanadi irin wannan ɗauri, amma eksire ya tabbatar da shi ba da jimawa ba. Ferosin ke nan, wanda ya buɗe ƙofar wani fanni sukutum, ya kuma kai Fischer da Wilkinson ga Nobel ta 1973.

Labarin reniyam ya fi kusa da tambayarki. A wani gishiri mai reniyam biyu da kilorin takwas, tazarar da ke tsakanin reniyam ɗin biyu angistirom 2.24 ce, alhali a cikin ƙarfen reniyam zalla ta haura 2.7. Masu bincike a Tarayyar Sobiyet sun riga sun auna wannan gajarta. F. Albert Cotton ne a 1964 ya dubi lambar, ya kuma dubi yadda kilorin huɗu na wannan gefe suka tsaya saitin huɗu na wancan gefe maimakon su kauce wa juna, ya ce ba abin da zai tilasta musu haka sai ɗauri huɗu tsakanin ƙarafan biyu. Kafin nan uku ne iyakar da aka sani. Lambar tana hannun mutane da dama, fassarar ce ta jira wanda ya san kemistiri.

Yanzu aikin yini. Kashi mafi girma nasa ba a ɗakin na'ura ake yinsa ba, a benci ne. Da yawa daga cikin abubuwan da muke haɗawa ba sa shiri da iska ko laima, don haka za ki koyi aiki da bututun gilashi da ake zuƙe wa iska a cika da naitirojin ko agon, da kuma akwatin nan mai safar hannu da ake zura hannu ciki daga waje. Kin haɗa, kin tace, sai neman kiristal. Nan fa ake yinta. Ko ki narkar da abin ki bar ruwan ya riƙa tsanewa a hankali, ko ki shimfiɗa wani ruwa da ba ya narkar da shi a samansa ki bar su su ratsa juna, ko ki sa ƙaramar kwalba a cikin babba tururin wannan ya riƙa shiga wancan, ko ki kai firiza ki manta. Manta ɗin nan da gaske nake. Kowa a sana'ar nan yana da labarin bututun NMR da ya yasar a lungu, bayan wata biyu ya tarar da kiristal mafi kyau a rayuwarsa, alhali kwalabe ashirin da yake leƙawa safe da yamma ba su ba shi komai ba sai mai ko ƙura. Kiristal ba ya son a taɓa shi, ba ya son gaggawa.

In ya fito, sai ki kwaso kaɗan a ɗigon mai, ki kai ƙarƙashin maikuroskof mai gilashin tace haske biyu da aka gitta. Abin da kike nema ɗan mitsitsi ne, kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita, mai kaifin gefe, ba tsaga. Ki juya farantin a hankali. Kiristal na gari yakan yi haske, ya mutu ɗif gaba ɗayansa, ya sake farfaɗowa, sau huɗu a zagaye ɗaya. In rabinsa ya mutu rabi yana haske, tagwaye ne suka manne, kuma za su ba ki ciwon kai. Wasu ma a gaban idonki za su dushe su farfashe, don ruwan da ke maƙale a cikinsu ya gudu. Irin waɗannan sai da sauri da sanyi. Ki ɗauke shi da ɗan zoben nailan, ki ɗora a na'ura, iskar naitirojin mai sanyin digiri 173 ƙasa da sifili ta daskarar da man ta riƙe shi, ta kuma rage wa ƙwayoyin atam rawar jiki. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon zaɓen kiristal sai an yi sau ɗari ake samunsa.

Lokacin ina digirin digirgir na yi wata kusan huɗu ina bin wani haɗin nikel. Wata safiya na buɗe firiza na tarar da kiristal kamar an zana su, suna walƙiya. Farare ne tas, alhali haɗin nawa ya kamata ya zo da launi, amma son zuciya ya rufe mini ido, na ce wa kaina ƙila sirantarsu ce ta ɓoye launin. Na bi layi na sami lokacin na'ura, a zamanin da kwasar bayanai ke cin kwana biyu zuwa uku. Da siffar ta fito, babu nikel ko ƙyas. Gishirin amin ne da kilorin, sharar da haɗin ke fitarwa, wadda aka san siffarta tun kafin a haife ni. Malamina bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko na gwada girman tubalin da rumbun bayanan siffofin da aka riga aka warware kafin in cinye wa kowa kwana uku. Ban gwada ba.

Abin da ya fi wannan kunyar muhimmanci shi ne, ƙwaya ɗaya kika ɗauka daga cikin kwalba, kuma mafi kyawu kika zaɓa. Mafi kyawu kuwa ba lallai ne ita ce wakiliyar sauran ba. Sau da yawa baƙuwa ce da ta fi kowa iya fitowa. Don haka siffa kaɗai ba ta isa a ce ga abin da aka haɗa. Sai kin niƙa sauran kin haska hodar kin ga zanenta ya yi daidai da na ƙwayar, kin kuma auna yawan kabon da haidirojin da naitirojin ɗin da ke ciki.

Sannan eksire ba ya ganin suna, yawan elektiron yake gani. Kabon na da 6, naitirojin 7, oksijin 8. Ki ajiye su kusa da filatinam mai 78, bambancinsu ya koma kamar raɗa a gefen ganga. Haidirojin mai ɗaya tak da ƙyar ake hango shi. Kobal 27, nikel 28, jan ƙarfe 29, zinki 30: ki gaya wa kwamfuta kowanne, za ta karɓa ta ba ki zane mai kyau. Kama da wane ba ta wane, amma ita ba ruwanta. Tsawon ɗauri, da launin abin, da lissafin caji, da abin da kika zuba a kwalba tun farko, su za su raba gardama. Ta wannan kafa ce ma aka yi wata babbar almundahana da ta fito fili a ƙarshen 2009, inda mujallar Acta Crystallographica ta sanar da janye siffofi aƙalla 70. Masu su sun riƙa ɗaukar bayanan gaskiya na wani haɗi, su sauya sunan ƙarfen ko na wani atam, su aika a matsayin sabon abu.

Ko masu gaskiya ma sukan faɗa rami. A farkon shekarun 1970 aka ba da rahoton wani haɗin molibdenam mai fuska biyu, shuɗi da kore. Eksire ya nuna kusan komai nasu ɗaya ne, sai tsawon ɗaurin da ke tsakanin molibdenam da oksijin, wajen 1.68 a shuɗin, 1.80 a koren. Aka ce an gano sabon abu, molekul ɗaya mai tsawon ɗauri iri biyu, masu lissafin ƙa'ida kuma suka duƙufa wajen bayyana yadda hakan zai yiwu. Aka yi shekara ashirin a haka. A 1991 Gerard Parkin na Jami'ar Kolombiya a Niyok da ɗalibansa suka sake fitar da kiristal ɗin, suka ga tsawon yana sauyawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ashe koren shuɗin ne ya cakuɗu da wani haɗi rawaya, wanda kilorin ke zaune a kujerar oksijin. Shuɗi da rawaya, kowane yaro mai wasa da fenti ya san abin da suke bayarwa. Eksire matsakaicin miliyoyin tubala yake gani, sai 'yan tsirarun masu kilorin, da yake ɗaurinsa ya fi tsawo, suka ja matsakaicin ya miƙe. Na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba a duk shekarun nan.

Haka aka yi da naitirojines, sinadarin da wasu ƙwayoyin halitta ke amfani da shi su kama naitirojin daga iska. Zuciyarsa dunƙule ne na baƙin ƙarfe bakwai, molibdenam ɗaya da salfa tara. Siffar 1992 ta nuna tsakiyar dunƙulen fayau. A 2002, da bayanai suka ƙara kyau, sai ga wani ɗan atam mara nauyi zaune a wurin, aka fi zaton naitirojin ne. Sai a 2011, bayan an haɗa da wasu hanyoyin awo, aka tabbatar kabon ne. Shekara goma sha tara a kan atam ɗaya.

Akwai kuma maganar rukunin tsari. Hanyoyin da tubali zai iya maimaituwa 230 ne cif, an ƙirga su tun 1891 kafin ma a san eksire. Ki zaɓi wanda ba shi ba, siffar za ta fito amma a karkace, ɗauri biyu da ya kamata su zo ɗaya su bambanta, ki zauna kina ƙirƙiro musu dalili. Marigayi Richard Marsh na jami'ar Caltech a Amurka ya yi shekaru yana bin mujallu yana gyara wa mutane irin wannan a bainar jama'a, har sunansa ya zama abin tsoratar da ɗalibai. Yau manhajar checkCIF ta Ƙungiyar Masu Ilimin Kiristal ta Duniya takan kama da yawa kafin a buga, amma gargaɗi kawai take yi. Ke za ki amsa shi da hujja.

Batun hanya kuwa, a taƙaice take. Digirin digirgir shekara uku zuwa huɗu ne a Ingila, wajen biyar a Amurka. Daga nan yawanci sai shekara biyu ko uku ana aiki a ƙarƙashin wani farfesa a wani wuri daban, sannan neman kujerar koyarwa. Kujerun ba su kai yawan masu nemansu ba, wannan ki sa shi a ranki tun yanzu. In kin samu, koyarwa da duba jarrabawa da zaman kwamiti da rubuta takardun neman tallafin bincike za su cinye fiye da rabin makonki, hannunki kuma zai fara nisa da benci, ɗalibanki su zama hannayenki. Wanda bai tsaya a jami'a ba bai yi asara ba: kamfanonin magani, da na siminti, da na batir, da na ma'adinai, duk suna bukatar wanda ya iya karanta zanen eksire.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne nan. Hanya biyu ce a gaban mai wannan ilimi. Akwai mai riƙe da na'urar sashe, kowa ya kawo masa kiristal ya warware masa. Aiki ne mai daraja, kuma wasu daga cikin mafiya ƙwarewar da na sani a nan suke; su ake kai wa tagwaye da hargitsattsun siffofin da suka gagari kowa. Amma sunansa kullum a tsakiyar jerin marubuta yake, tambayar kuma ta wani ce. Akwai kuma mai tambayar kansa, wanda yake haɗa abinsa, ya warware siffarsa, siffar ta gaya masa abin da zai haɗa gobe. Tunda burinki jagorantar bincike ne, ta biyun ce taki, domin masu ɗauka aiki da masu ba da tallafi tambayarki za su nema, ba yawan siffofin da kika warware wa wasu ba. Don haka in za ki zaɓi malamin da zai duba aikinki, ki tambayi ɗalibansa abu ɗaya: su suke ɗora kiristal ɗinsu su warware da kansu, ko miƙawa suke yi su jira zane? Inda ake miƙawa, za ki fita da takardu amma ba ido.

Tunda mace ce ke tambaya, bari in ɗan ratse. Wannan fanni tun farkonsa mata suka yi ƙafa a ciki. Kathleen Lonsdale ce ta nuna a 1929 cewa zoben benzin, mai kabon shida, a shimfiɗe yake. Dorothy Hodgkin ta warware fenisilin a 1945, sannan bitamin B12 mai kobal a tsakiyarsa a tsakiyar shekarun 1950, ta karɓi Nobel a 1964, kuma duk da ciwon gaɓɓai da ya nakasa mata yatsu, insulin da ta fara a tsakiyar shekarun 1930 ba ta sake shi ba sai da ta ga bayansa a 1969. Rumbun bayanan nan da na ƙi dubawa, Olga Kennard ce ta kafa shi a Kambirij a 1965, kuma a 2019 ya cika siffa miliyan ɗaya.

In jami'ar da kika samu ba ta da na'urar, abin zai yi wuya amma bai gagara ba. Kwasar bayanai ce kawai ke bukatar na'ura. Kiristal mai juriya yakan yi tafiya a ƙaramar kwalba zuwa wurin abokan haɗin gwiwa, ke kuma ki roƙi ɗanyen bayanan maimakon gamammen zane, ki warware a kwamfutarki. SHELX kyauta ce ga masu bincike a jami'a, manhajar Olex2 ma haka. Manyan cibiyoyin sinkirotiron, masu samar da eksire mai tsananin ƙarfi, irin ESRF a Faransa, da Diamond a Ingila, da SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, suna raba lokacin aiki ne bisa takardar neman da masu bincike suka rubuta.

Abin yi kuwa bai ƙare ba. Batir ɗin wayarki ya samo asali ne daga aikin John Goodenough a sashen inoganik na Oksfod a 1980, inda litiyam ke shiga yana fita tsakanin shimfiɗun kobal da oksijin, kuma masu neman batir ɗin da zai gaje shi har yau siffa suke bi. Richard Robson a Ostireliya ya nuna a 1989 cewa ana iya ɗaure ƙarafa da sandunan oganik a gina kiristal mai ɗakuna a ciki, Kitagawa a Japan da Yaghi a Amurka suka ɗora, su ukun suka raba Nobel ta 2025. Irin waɗannan ramuka cike suke da ruwan da ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma yanke hukuncin abin da za a zana da abin da za a bari yana cikin mafi wuyar aikinmu. Ga kuma amfani da elektiron a madadin eksire, wanda tun wajen 2018 ya fara ba da siffar ƙananan molekul daga ƙwayar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato abin da a da za mu kira ƙura mu zubar.

A wannan shekarar da ta rage miki, ki riƙe darasin daidaiton siffa da kyau, juyi da madubi da tsakiya, har ki iya ɗaukar molekul a ka ki juya shi. Kada ki guji lissafin matiris, zai dawo miki. Ki sauko da manhajar Mercury, ki ɗauko siffar ferosin daga rumbun Kambirij, ki auna tazarar ƙarfen da kowane kabon da hannunki. Sannan ki nemi izini a ɗakin gwaje-gwaje, ki sa safar hannu, ki narkar da kofa salfet a ruwan ɗumi har ya ƙi karɓar ƙari, ki tace, ki rufe bakin kwalbar da takarda mai 'yan huji, ki ajiye inda ba mai girgiza ta. Kada ki leƙa sai bayan mako. In kin sami 'yar ƙarama mai kaifin gefe, ki roƙi malamin nan naku ya kai ki ga maikuroskof mai gilashin tace haske, ki juya ta ki ƙirga sau nawa za ta mutu ta farfaɗo.